Itacen Wankan Hajara

Jiya da la'asar wani yaro cikin masu babur ɗin nan da ke fakewa a inuwar wurina ya ɗauki gatarina, wai zai nuna wa abokansa cewa faskare ba komai ba ne sai ƙarfi. Na ƙyale shi. Ya zaɓi wani gungumen marke, ya tofa yawu a tafin hannu kamar yadda ya ga ana yi, ya ɗaga ya sauke. Gatarin ya yi tsalle ya dawo, saura kaɗan ya gaisa da ƙafarsa. Ya sake sara, ruwan gatarin ya maƙale, ya yi ta kokawa da ƙota har gumi ya jiƙa masa riga. Abokansa suna ta dariya. Ni kuwa ƙotata nake ji, domin wanda ya sassaƙa mini ita ya daɗe a ƙasa.

To ku matso, ku da kuke ganin itace duk itace ne. Ni Idi, a hannun Baba Tanko na Maje na koyi wannan sana'a, tun garin nan ana kiransa Abuja, kafin a ɗauke sunan a kai wa sabon birni a bar mana Suleja. Shekarata ta farko a wurinsa bai bar ni na sari ko kara ba. Aikina wasa gatari a dutse, ɗaura wa jakuna akumari, da ɗaukar kaya. In na yi ƙorafi sai ya miƙo mini guntun itace ya ce, "Ƙwanƙwasa ka ji." Busasshe yana amsawa da ƙara, ɗanye kuwa muryarsa a toshe take. Sai da kunnena ya iya rarrabewa sannan ya koya wa idona. Kowane gungume yana da ɗan tsagin da rana ta fara yi masa, nan ake sa gatari. Wanda ya sari inda itace bai nufa ya buɗe ba, kafaɗarsa ce za ta gaya masa da dare.

Shi ya nuna mini abin da ake sara da abin da ba a taɓawa. Ɗorawa da kaɗanya abincin mutane ne, ko malamin daji bai gan ka ba matan ƙauye za su gan ka, kuma gara malamin daji. Faru da ɓaure hayaƙi ne zalla. Rimi ya ci wuta kamar takarda ya bar ka da toka. Sarakunan itace biyu ne, marke da ƙirya. Marke yana kamawa da wuri ya yi harshe mai kyau, ƙirya kuma tana da taurin kai wurin faskare, amma garwashinta sai ya kwana ya wuni.

Masu sayen itacena a unguwar Wambai suna da yawa: masu tuwon sayarwa, masu ƙosai, gidan burodi, har matan malaman makaranta da suka zo daga Filato da kudancin Zariya, waɗanda ba su saya sai sun taya sun sake tayawa. Amma gindin sana'ar itacen jego ne. A wancan zamani mace in ta haihu, safe da yamma ake tafasa mata ruwa a babbar tukunya ko rabin duro, a jefa ganyen darbejiya ko na tsamiya, a yi mata wanka da shi har kwana arba'in. Ga kunun kanwa, ga wutar da ake sawa a ɗaki don ɗumi. Yanzu likitoci sun ce a rage zafin ruwan, ban kuma musa musu ba. Amma a lokacin, macen da ba ta samu wankanta cikakke ba, kowa yana jiran ya ga ta kumbura ko sanyi ya kama ta har tsufa. Itacen kuwa a wuyan miji yake. Tun ciki yana wata bakwai ake fara tarawa, kuma da rani ake sara a faskara a shanya. Shi ya sa nakan san gidan da za a haihu tun kafin ungozoma ta sani.

Akwai wani tela, Shehu, saurayi ɗan Zariya da ke da ɗan shago kusa da wurina. Ya auro wata yarinya Binta daga wani ƙauye can bayan Maje, suna haya a gidan wata tsohuwa, Iya Tabawa. Wani rani sai na ga Shehu ya faye gaishe ni. Ya zo da safe ya tambayi lafiyar jakuna. Ya dawo da yamma ya tambayi ko marke ya fi ƙirya. Kashegari ya zo ya tsaya yana karce ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. Cikin fari ne, kunya ba za ta bar shi ya buɗe baki ba, kuma ba shi da babba a garin da zai faɗa a madadinsa.

Na ce, "Tela, ɗinki kake so ka bari ka koma faskare?"

Ya ce, "A'a, Malam Idi. Wani abokina ne yake tambaya."

"Abokin naka, wata nawa?"

Ya sunkuyar da kai, ya ɗaga yatsu bakwai ba tare da ya dube ni ba.

Na ce, "To ka gaya wa abokinka ya kusa makara. A ina za a yi wankan?"

Ya ce gidan iyayenta, tunda haihuwar fari a gida ake yi. Na haɗa masa kaya mai kyau, marke da ƙirya rabi da rabi, na yi ta jigila da jakuna har ƙauyen. Rafi biyu ake hayewa, a lokacin ruwansu ko idon sawu bai kai ba. Uwar Binta ta nuna mini bayan ɗakinta na jera, ta duba ta ƙwanƙwasa ta ce surukinta ya fita kunya. Na dawo na gaya masa, ya yi ta murmushi yana taka kekensa kamar ba shi ake faɗa wa ba.

A gidana ma akwai tari. Shekarar da na auri Hajara na fara shi. Duk kayan da na sauke daga daji sai na zare guda ɗaya ko biyu mafi kyau, na kai wani ɗan ɗaki da ke bayan namu. Na jera duwatsu a ƙasa don kada itacen ya taɓa ƙasa, ita kuma takan share ta barbaɗa toka saboda gara. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta, tarin ya kai ƙirjina, ya kai rufi. Mun sha jiƙe-jiƙe, mun je wurin malamai, mun je asibiti. Allah bai kawo ba. Masu gidan burodi sun sha tayawa, nakan ce yana da mai shi. Ni da ita ba mu taɓa zama mun yi maganar ɗakin nan ba. Ina tarawa tana sharewa, shi ke nan.

Ashe shekarar cikin Binta ita ce muguwar shekara. Bayan shekarun fari da aka sha, damina ta sauko kamar da gayya. Da marka ta kankama sai a yi kwanaki ba a ga rana ba. Dutsen Zuma ma ya shige cikin hazo ya ɓace. Jakuna ba su shiga daji, tarin da ke wurina ya sha ruwa har naman kaza ya fito a jikinsa. Mata suna hura wuta suna hawaye. Masu tuwo da yawa suka daina dafawa. Na sayar da jaki ɗaya don mu ci abinci, ɗayan kuma ƙafarsa ta ruɓe saboda taɓo.

Tun farkon damina ya kamata Shehu ya kai Binta gida. Amma yaro da amaryarsa, duk mako sai ya ce mako mai zuwa. Da yamma nakan hango ta ta kawo masa abinci shago, tana tafiya a hankali hannu a ƙugu, ya shimfiɗa mata ƙyallaye ta zauna tana sa masa maɓalli a riguna. Na ce masa, "Tela, rafi ba ya jiran kowa." Ya ce, "Wallahi ranar kasuwa mai zuwa za mu tafi." Kafin ranar kasuwar rafukan nan biyu sun cika sun batse, ko ƙato bai isa ya haye ba balle mai tsohon ciki. Daga baya wani mai kamun kifi ya kawo labari cewa ruwa ya shiga ƙauyen, ya rushe ɗakuna, ya kwashe itacen gaba ɗaya. Rai dai bai salwanta ba.

Wata safiya ana tsuga ruwa sai ga Shehu a ƙofar gidana, ko hula babu. Kunyar nan duk ruwa ya wanke ta.

"Malam Idi, ta sauka. Namiji ne. Yau kwana uku."

Na yi masa barka, na ce ya shigo zaure. Bai zauna ba.

"Ruwan ba ya tafasa. Iya tana ta fama da ɗanyen itace, hayaƙi ya cika ɗaki, yaron yana tari. Na fasa bencin shagona jiya, ya ƙare. Iya ta ce ƙafafun Binta sun fara hawa. In teburin keken ɗinkina zai yi, ka zo da gatari."

Na ce ya bar teburinsa, da shi zai ciyar da su. Na yafa buhu a ka na zaga gari. Na je gidan burodi, suka ce su ma tanda ɗaya suke hurawa. Na je wurin maƙera, gawayinsu ya jiƙe. Na bi abokan sana'ata ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nuna mini tarinsa yana ɗiga. Abin da na samo bai wuce na wankan yini biyu ba, ga kusan arba'in a gaba. Na san inda busasshen itace yake a garin nan. Ina tafiya ina kauce wa tunaninsa kamar yadda ake kauce wa kwata.

Na dawo gida Hajara ta ajiye mini tuwo. Na wanke hannu na fara ci. Ta zauna a bakin ƙofa tana kallon ruwa.

"Malam, na ji matar tela ta sauka."

Na ce, "Haka ne."

"Na ji kuma ba su da itace."

"Ana nema."

Sai ta ce, "Tashi ka buɗe ɗakin nan."

Na ce, "Ke, wannan naki ne."

"To tunda nawa ne, na bayar. Don wanka ka tara shi, ga mai wanka ta samu." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Amma ni zan riƙa hura wutar. Ba zan bar wata ta yi mini ɓarna da shi ba."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na tashi na buɗe ɗakin. Ƙanshin busasshen marke ya buge ni, na ƙwanƙwasa guda ɗaya ya amsa kamar ƙarfe. A kai muka yi ta ɗauka ni da Shehu, mun lulluɓe da buhuna da tsohuwar tabarma.

Ku da kuka tashi da gas da risho ba ku san wutar itacen da ya shekara da shekaru a inuwa ba. Ba ta hayaƙi, ba ta tartsatsi. Hajara ta jera murhu a ƙarƙashin rumfar Iya Tabawa, ta sa marke ya kama, ta tura ƙirya a bayansa. Kafin a jima rabin duron nan yana ɓararraka, ƙanshin darbejiya ya cika gidan har maƙwabta suna leƙowa. Iya ta tsoma ganye ta yi wa Binta wankanta na farko na kirki. Aka kwashe garwashi a kasko aka kai ɗaki, tarin yaron ya lafa. Kafin suna kumburin ƙafar ya saɓe.

Tun daga ranar Hajara ta koma 'yar gidan. Da ta yi sallar asuba sai ta tafi, ta tone garwashin jiya daga cikin toka ta tashe shi. Itacen ma a ƙirge take ba da shi, ko Iya ba ta isa ta zari guda don dafa miya ba. Su kan yi ta cacar baki a kan haka, Iya tana ce mata sarauniyar murhu. Lokacin da ake yi wa mai jego wanka dole wani ya riƙe jariri, sai ya zama ita ce. Binta kuma, da yake ɗanta na fari ne, a gaban mutane ba ta ɗaukarsa sai in zai sha nono, ba ta faɗin sunansa, ko kallonsa a sace take yi. Ranar suna aka raɗa masa sunan kakansa, amma Hajara ta ce tunda ana ruwa ya zo, Anaruwa ne. Sunan ya bi shi, har uwar ta samu abin kiransa da shi.

Shehu kuwa ya zama abin dariya a layinmu. Ƙyallen kowa ya rage sai ya ɗinka 'yar riga. Ya zo wurina ya ce, "Malam Idi, an ce jiya ya yi murmushi." Na ce, "An ce, ko ka gani?" Ya ce ta taga ya leƙa.

Wata yamma bayan ruwa ya fara sauƙi, na taho da jakina da ƙafarsa ta fara warkewa, ɗauke da ragowar itacen, sai na hango wata mata a ƙofar gidan Iya da goyo. Tana ɗan rausaya, tana bubbuga bayan yaron da hannu ɗaya. Na kusa yin sallama kafin na gane matata ce. Iya ce ta ɗaura mata shi da majanyi. Na tsayar da jakin a bayan wata katanga, na tsaya ina kallo. Shekarun da na yi ina tara itacen nan, wannan tsayuwar tata nake hange. Na ji daɗi, na kuma ji baƙin ciki, ban san wanda ya fi yawa ba. Sai da ta shiga gida na fito.

Ruwa ya janye, uwar Binta ta samu ta hayo ana gab da gama wanka. Ta durƙusa a gaban Hajara tana godiya, Hajara ta ce ta tashi, wuta kawai ta hura. Itacen ya kai su arba'in cif. Da Binta ta fita yawon arba'in ta yi kitso ta yi lalle, ta yi ɓul-ɓul, gidanmu ta fara zuwa. Bayan haka ma ba a rabu ba. In Binta za ta je rafi ko kasuwa sai ta kawo mana shi. A tsakar gidanmu wuyansa ya tsaya, a nan ya fara zama an tokare shi da matashi, a nan ya kama gemuna ya ja har na yi ƙara. In ya ji muryar Hajara daga zaure sai ya hau wutsil-wutsil yana miƙa hannu.

Ya fara rarrafe ke nan aka aiko wa Shehu cewa mahaifinsa ya rasu a Zariya, kuma shi ne babba, gida yana jiransa. Muka raka su tasha. Aka ɗora keken ɗinki da teburinsa a kan babbar mota. Hajara ce ke goye da yaron har aka fara kiran fasinja. Ta kwance majanyin da kanta, ta miƙa wa uwarsa shi har da majanyin. Shehu ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Idi, da salla za mu zo." Na ce Allah ya kai mu. Sau ɗaya wani direba ya kawo mana gaisuwarsu da 'yar riga da aka ɗinka wa Hajara, ya ce yaron yana gudu ko'ina. Daga nan ba mu sake ji ba. Ban riƙe su a zuciya ba, hanya ce da nisa, rayuwa kuma tana da nata. Amma har yau in motar Zariya ta tsaya wani magidanci ya sauko yana waige-waige, sai na bar abin da nake yi na zuba masa ido. Ina kewar yaron nan, ban ɓoye ba.

Da rani ya zagayo na sauke kayan farko daga daji, hannuna da kansa ya zare marke biyu masu kyau na nufi bayan ɗaki. Hajara tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Mai da su kasuwa, Malam. Wanda ka tara ya yi aikinsa." Na mai da su. Ɗakin ya koma na awaki.

Abu ɗaya ya rage daga tsohon tarin, wani gungumen ƙirya mai ƙulli. Lokacin wankan Binta na gwada shi da gatari, na gwada da ƙarfen tsaga da guduma, ya ƙi. Na jefar da shi gefe. Hajara ta mirgino shi bakin murhunta ta mai da shi kujera. A kansa ta yi ta tuƙa tuwo har gashinta ya yi fari, samansa ya yi sumul yana sheƙi saboda zama.

Ranar da Allah ya karɓi abarsa, Hajara ta cika, lokacin sanyi ne. Matan da za su yi mata wanka suka aiko yarinya ta ce a ɗan ɗumama musu ruwa. Maƙwabta suka tashi za su kunna risho, na ce su bari. Na ɗauko gatarin nan da yaronku ya yi wasa da shi jiya, na juya gungumen, na duba. Ga tsagin nan rana da shekaru sun yi masa, siriri kamar zare. Sara ɗaya ya buɗe.

Ni na jera murhun, ni na hura, na zauna a gabansa har ruwan ya yi. Wankan da ta samu ke nan daga itacen da na tara mata.